Zuwa ga 'yata mai son hawa dandamali

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na sa hannu a takardar da malamarku ta aiko don ki shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa. Babanki ma ya amince, don haka ki kwantar da hankalinki. Na rubuto ne saboda duk sanda muka zauna magana, kafin in kai aya kin ɓarke da waƙa.

Abin da kike kallo a bidiyo, jaruma a tsaye fitila na haska ta jama'a na tafi, ɗan mitsitsi ne daga cikin aikin. A Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York, da West End ta Landan, sau takwas ake yin wasa a mako. Kwana shida ake aiki, biyu daga ciki a yi da rana a sake yi da dare. Waƙar jiya ce, takun jiya ne, kukan ma a daidai inda aka yi shi jiya za a sake yin sa. Wasan The Phantom of the Opera ya fara a Broadway a 1988, ba a rufe shi ba sai 2023. Wanda ya sayi tikiti a shekara ta ashirin bai damu da gajiyar kowa ba, so yake ya ga wasan kamar yau aka fara. To, ranar da darakta ya sa ku maimaita baiti ɗaya har ya fita daga ranki, ki lura da kanki. In washegari kin tashi kina ɗokin komawa, wannan son ne zan tsaya wa.

Allah Ya ba ki murya, ba kuma don ni na haife ki nake faɗa ba. Sai dai na lura kowace waƙa kika ɗauko, ta murna ko ta baƙin ciki, rufe ido kike yi ki ɗaga hannun dama. Wannan ba zai kai ki ba. Tun da mawallafa waƙoƙin wasa Richard Rodgers da Oscar Hammerstein suka fitar da wasan Oklahoma! a 1943 aka fi karkata ga waƙar da ke tura labari gaba, ba wadda ake sakawa don ado ba. Kafin ki buɗe baki ki san wa kike yi wa magana, me kike nema a wurinsa, me ya sa magana ta kasa har sai da waƙa. Rawa kuwa na san gudunta kike yi. Ki daina, don ana neman duka ukun ne, waƙa da kwaikwayo da rawa, a jikin mutum ɗaya.

Muryar nan ita ce ta fi damuna. Wasu 'yan tantani biyu ne a cikin maƙogwaro ke fitar da ita, suna kaɗawa suna haɗuwa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. In ana matsa musu da ihu, ko ana waƙa alhali murya ta dishe, sai su yi kanta irin wadda hannu ke yi. Julie Andrews, wadda duniya ta san zaƙin muryarta, an yi mata tiyata a maƙogwaro a 1997, muryar waƙarta ba ta dawo yadda take ba. Ke kuwa jikinki bai gama girma ba, kuma muryar 'ya mace ma tana sauyawa a shekarun nan, ba ta maza kaɗai ba. Kada ki riƙa tilasta wa kanki kai inda mace mai shekara talatin ta kai bayan dogon horo. Ki ɗumama murya a hankali kafin ki fara, ki yawaita shan ruwa, ki yi barci isasshe. In ta dishe ki yi shiru, ba raɗa ba, don raɗa ma wahalar da ita take yi. In dishewar ta wuce mako biyu, sai mu ga likitan maƙogwaro, ko da kuwa gobe ne wasan.

Mai yiwuwa a gwajin farko a sa ki cikin 'yan amshi, a ba wata matsayin da kika ƙwallafa rai a kai. Wani lokaci tsayi ne, wani lokaci irin muryar da labarin ke so. Ki zo gida ki yi kukanki, amma ban yarda ki yi da yarinyar ba, ban kuma yarda ki ja ƙafa a atisaye ba. A manyan gidajen wasa akwai 'yan ko-ta-kwana da ke haddace matsayin mutum da yawa, a kira su da yamma su hau da dare, kuma masu sana'ar na ganin girmansu ƙwarai. Ki leƙa bayan labule ma, wurin masu fitila da masu ɗinki da mai ba da umarnin shiga da fita.

Sharuɗɗana biyu ne. Karatu ba zai ja baya ba, in sakamakonki ya sauka za mu rage atisaye har ya gyaru. Na biyu, duk wanda ya ce ki zo gwaji ke kaɗai, ko ya nemi hotunanki ta waya, ko ya ce kada ki gaya mini, ki gaya mini a ranar, ko wane ne shi.

Ki kawo mini jadawalin atisayen mu san ranakun da za a riƙa ɗauko ki. Rubutun wasan ma ki ba ni kwafi, zan riƙa karanta miki layin abokan wasanki kina ba da naki.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki