Zuwa ga Yayata, kan littafin da 'yarki ta aro

Yaya, assalamu alaikum.

A taron iyaye na ranar Lahadi kin miƙe gaban jama'a kika ce da ni: "Ke da kike aiki a laburare, 'yata mai shekara 11 ta dawo da littafin da yarinya ke son 'yar ajinsu. In ƙona shi ne, ko in kai ƙarar makaranta?" Ɗakin ya ɗau zafi ranar, shi ya sa na ce a bari in amsa a rubuce.

Ƙonawa dai ki bar ta. Littafin aro ne, kuɗinsa za ki biya, su sayo sabo.

Na san shi. Na Ashley Herring Blake ne, ya fito a 2018, don yara 'yan shekara 8 zuwa 12. Guguwa ce ta rushe gidan su wata yarinya mai shekara 12, a cikin hargitsin littafinta na zane ya ɓace. Abin da ke ciki, zanen 'yan mata biyu riƙe da hannun juna. Daga nan labarin ya koma fargaba: wa ya tsinta, wa zai gani, me yayarta za ta ce? Batsa babu ko ɗigo. Amma ba zan rufe ki ba, marubuciyar na gefen yarinyar, tana nuna mata abin da take ji ba abin kunya ba ne. Nan ne ya rabu da tarbiyyar da muka taso a kai, kuma kina da cikakken haƙƙin faɗa wa 'yarki haka.

Batun ƙara kuwa, a nan jihar Maryland ta Amurka aka yi shi. Hukumar makarantun gundumar Montgomery ta shigo da irin waɗannan labarai cikin darasin karatu a 2022, ta fara barin iyaye su cire 'ya'yansu, sai ta janye damar a 2023. Iyaye Musulmi da Kirista suka garzaya kotu. A watan Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 6 cikin 9, ta goyi bayansu. Sai dai hukuncin kan darasin aji ne. 'Yarki da ƙafarta ta je gaban kantar littattafai, da hannunta ta zaro.

Wannan ne na fi so ki tsaya a kai. Ina ganinsu kullum bayan an tashi makaranta, jaka a ƙasa, sun jingina da kanta suna juya bango. Wata kalar bangon ce ta ja ta, wata ƙawarta ce ta ce da daɗi, wata guguwar kawai ta burge ta. Wata kuma akwai tambayar da ke cin ranta, ta rasa wanda za ta yi wa. Daga kujerata ba na iya bambance su. Ke ma ba za ki iya ba muddin da tsawa kika fara.

Ki karanta shi tukuna, dare biyu ya isa. Sannan ki samu lokacin da kike mata kitso, kanta na kan cinyarki, ba ido cikin ido ba, ki tambaye ta wane wuri ya fi taɓa ta a labarin. Ki bari ta kai aya kafin ki ce uffan. In kika ƙwace kika daka mata tsawa, na gaba ba za ta kawo gida ba. A laburaren za ta karanta, ta mayar kan kanta kafin ki zo ɗaukarta.

Ƙanwarki ta sashen littattafan yara.