Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Direban Katin Sadarwa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso, na kuma yi murna da jin cewa za a ɗora maka irin aikin da ya sha mini kai watannin nan, wato rubuta direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) a cikin kanel ɗin Linux (zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) domin katin sadarwar da ke yi wa kwamfutocin kwaikwayo, waɗanda manhaja ke ƙirƙira a cikin kwamfuta ta gaske, hidima kai tsaye a tsarin vDPA. Ka nemi in gaya maka inda wuyar take, to ga abin da na gani.

Ka san tsarin virtio, wanda Rusty Russell ya assasa kuma ya shiga Linux 2.6.24 a farkon 2008, yarjejeniya ce tsakanin baƙo, wato kwamfutar kwaikwayo, da mai masaukinta, wato kwamfutar gasken da take ciki. Baƙo yana jera bayanin inda ya ajiye saƙonninsa a wani teburi cikin memori, ya sanya lambobinsu a zoben abin da ke jira, mai masauki kuwa ya ɗauka ya aika, sannan ya mayar da lambobin a zoben abin da aka gama. Da farko QEMU, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar kwaikwayo, ke wannan ɗawainiya, daga baya vhost-net ya mayar da ita cikin kanel a 2010, amma duk da haka furosesar mai masauki ce ke dakon kowane fakiti, wato ƙunshin saƙon da ake aikawa. A ɗaya ɓangaren akwai SR-IOV, wanda ke tsaga kati ɗaya ya zama ƙananan katuna da yawa a miƙa wa kowane baƙo nasa. Gudu kam akwai shi, sai dai dole baƙon ya ɗauki direban kamfanin da ya ƙera katin, kuma ɗauke shi zuwa wata kwamfuta yana cikin aiki ya zama jidali.

Tsarin vDPA, wanda ya shiga Linux 5.7 a 2020 bisa jagorancin Jason Wang na Red Hat, shi ya haɗa amfanin biyun. Katin da kansa yake karanta zobban virtio ya kwashe fakiti ta hanyar DMA, wato shiga memori kai tsaye ba tare da bi ta furosesa ba, baƙo kuma yana nan da direbansa na virtio da ya saba da shi, bai ma san akwai ƙarfe a ƙarƙashinsa ba. Abin da ya rage mana mu rubuta shi ne ɓangaren umarni: gaya wa katin adireshin zobba, daidaita fasalolin da aka amince da su, kunnawa da kashewa.

Da na fara, na ɗauka gudun fakiti ne zai ba ni wahala. Cikin mako biyu fakiti suka fara wucewa. Abin da ya ci mini wata guda cur shi ne tsayar da katin.

Ƙa'idar virtio ta ce idan direba yana son sake saita na'ura sai ya rubuta 0 a rajistar matsayi, sannan ya jira har ya karanta 0 kafin ya ɗora wani abu a kai. Ni na rubuta, ban jira ba, na saki memorin da zobban ke ciki. Katin kuwa yana da sauran fakiti a hannunsa, sai ya ci gaba da zuba su a wurin da kanel ya riga ya ba wa wani aiki dabam. Kwamfutar gwajinmu takan faɗi bayan sa'o'i, kowane lokaci a wani wuri da babu ruwansa da sadarwa, har na fara zargin memorin kanta. Sai da na tsananta binciken IOMMU, mai gadin da ke iyakance inda na'ura za ta iya taɓawa a memori, wanda a da na bar shi yana wucewa da komai don neman gudu, ya kama katin yana rubutu a adireshin da aka riga aka karɓe masa. Gyaran bai kai layi goma ba. Saboda haka ina roƙonka, ka rubuta hanyar tsayarwa ka gwada ta sosai tun kafin fakiti na farko ya wuce, kuma kada ka sassauta IOMMU a kwamfutar gwaji ko da rana ɗaya.

Abu na biyu shi ne gaskiya wajen fasaloli. Baƙo da na'ura suna ciniki a kan abin da kowa zai iya kafin a ɗaga tutar FEATURES_OK, kuma duk abin da direbanka ya ce katin zai iya, baƙo zai gaskata ya dogara da shi. Idan katin bai ƙware da wani fasali ba, gara ka ɓoye shi a yi tafiya a hankali.

Inda nake yanzu shi ne ƙaurar baƙo yana cikin aiki, kuma a nan ne ake gane ko direba ya nuna. Dole katin ya tsaya cak ba tare da ya mance inda yake ba, ya faɗi lambar da ya tsaya a kowane zobe, domin katin da ke can ɗaya kwamfutar ya ɗora daga daidai wurin, kada fakiti ya ɓace ko a aika shi sau biyu. Ga kuma matsalar shafukan memorin da katin ya taɓa ta DMA, waɗanda furosesa ba ta ga lokacin da aka rubuta su ba. Katin da ba ya iya lissafa su da kansa, QEMU na shiga tsakani da zoben inuwa na ɗan lokaci don ya riƙa lura, ko da yake gudu yakan ragu har a kammala ƙaurar. Mu a kan wannan hanya muke, kuma ina ganin ita ce daidai a gare mu kafin a gyara ƙarfen.

Kafin katinku ya iso hannunka, ka ɗora vdpa_sim, na'urar gwajin da ke cikin kanel, ka bi yadda umarni ke zirga-zirga, sannan ka karanta direban ifcvf na Intel, domin gajere ne kuma ana gane shi cikin sauƙi. Direban mlx5 na katunan Mellanox ya fi faɗi, ka bar shi sai ka zo batun taswirar memori. Idan ka rubuta ɓangaren sake saiti, ka aiko mini in duba, ni ma zan turo maka na ƙaurar da zarar ya daina faɗuwa.

Ka gaida mutanen gida da kyau. Allah ya ba da sa'a.

Wassalam,
Amininka