Ba Ni Na Kira Ka Ba, Ɗana

Ɗana abin ƙaunata,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Tun daren da muka yi waya a kan damuwar da kake ciki a wurin aikinka, maganarka take kai-komo a raina. Ka ce, "Baba, ka faɗa mini abin da zan yi kawai, duk abin da ka ce shi ke nan." Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Wane uba ne ba zai ji daɗi ba? Amma da na kwanta barci ya ƙi zuwa, domin kafin wannan ka yi wata magana da sauri-sauri kamar mai jin kunyarta, cewa ka daɗe kana addu'a kamar mai yi wa bango magana, kuma rabonka da buɗe Littafi Mai Tsarki kai kaɗai har ka manta. Da na jera maganganun nan biyu sai gabana ya faɗi. Shi ya sa na ɗauki biro, don a waya kakan ce "to, Baba" tun ban kai aya ba.

Kai yaro ne mai jin magana, kowa ya shaida. Ni da mamarka ba mu taɓa shan wahalarka ba. A ce tashi addu'ar safe, ka tashi. A ce haddace aya, ka haddace. Ni kuwa na ɗauka shi ke nan aiki ya yi kyau, ɗana ya san Allah. Yanzu nake gane cewa abin da na tabbatar kawai shi ne ɗana ya san muryata.

Ka buɗe 1 Sama'ila sura 3 ka sake karantawa, kada ka ce ai ka san labarin tun kana makarantar Lahadi. Yaron nan Sama'ila a Shilo ya tashi, a gaban Eli firist. A ɗakin Ubangiji yake kwana, kusa da akwatin alkawari, shi ne kuma mai buɗe ƙofofi da safe. Da dare aka kira sunansa, ya yi zumbur ya ruga wurin Eli. Tsohon ya ce ban kira ka ba, koma ka kwanta. Sau 3 ana haka. Aya ta 7 ce ta faɗi dalili, kuma shekara da shekaru ina tsallake ta ban lura ba: Sama'ila bai riga ya san Ubangiji ba tukuna. Yaron da yake hidima dare da rana, wanda ba shi da ƙiwa ko kaɗan, sai ga shi an ce bai san Ubangiji ba. Biyayyarsa gaskiya ce, amma duk muryar da ya ji, ta Eli yake ɗaukar ta.

Eli yana da laifuffukansa, 'ya'yansa Hofni da Finehas sun lalace bai tsawata musu yadda ya kamata ba. Amma a daren nan ya yi abin da ya fi ƙarfin iyaye da yawa. Ya gane wanda yake kira, ya koya wa yaron abin da zai amsa, ya koma gefe. Bai ce zo ka zauna kusa da ni in riƙa fassara maka ba. Saƙon farko da Sama'ila ya karɓa kuwa hukunci ne a kan gidan Eli ɗin, har yaron ya ji tsoron faɗa da gari ya waye. Wannan ya sa na ce wa kaina, in na sake ka ga Allah, wata rana zai iya gaya maka abin da ba zai yi mini daɗi ba. Na yarda. Ba ni na kira ka ba, ɗana. Ni da kai duka, mai kiranmu ɗaya ne.

Ka lura da yadda muke cewa yaro "yana ji" ko "ba ya ji". Ba kunnensa muke nufi ba. Haka yake a Ibrananci: kalmar da ta buɗe "Ku ji, ya Isra'ila" a Maimaitawar Shari'a 6:4 ita ce ake mora wajen biyayya. To yaya mutum zai yi biyayya ga muryar da bai saba da ita ba? Sai dai ya bi jerin dokoki da wani ya kwafo masa, ranar da abin da ba ya cikin jerin ya taso kuma ya rasa tudun dafawa.

Wannan Sama'ilan ne, bayan ya tsufa, ya faɗa wa sarki Saul maganar da kowa ya haddace, cewa biyayya ta fi hadaya. Tana 1 Sama'ila 15:22. An aiki Saul a kan Amalekawa da umarni bayyananne. Ya yi galibin aikin, ya bar sarki Agag da rai, ya ware dabbobi masu kyau, sa'an nan ya tari annabi da fara'a yana cewa na cika umarnin Ubangiji. Sama'ila ya ce, to wannan kukan tumaki da nake ji fa? Ga abin da nake so ka ja wa layi: sau 3 a cikin surar, a aya ta 15 da ta 21 da ta 30, Saul ya ce wa Sama'ila "Ubangiji Allahnka". Allahnka, kamar Allahn na annabi ne, shi kuwa ɗan kwangila ne da aka ba aiki. Mai irin wannan zuciya yakan yi lissafi, nawa zan bayar a rabu da ni lafiya? Daga baya ya amsa da bakinsa cewa tsoron jama'a ya ji, ya bi muryarsu. Ko bayan an kama shi, abin da ya roƙa shi ne a girmama shi a gaban dattawa. Ina tsoron kada ka kai shekara 40 kana cewa "Allahn Baba".

Na taɓa zama Saul, kuma lokaci ya yi da za ka ji daga bakina. Kana ƙarami sa'ad da muka sami saɓani da baffanka a kan gado. Shekara 7 ba ma ga-maciji. A cikin shekarun nan ban fasa sujada ba, ban fasa baiko ba, ni ne ma ake kira in yi wa ma'aurata sulhu. Wata Lahadi aka ba ni karatun Matiyu 5, na miƙe a gaban jama'a na karanta aya ta 23 da ta 24 da muryata, inda Yesu ya ce in kana miƙa baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Da ƙyar na ƙarasa. Duk hidimar da nake yi ashe tumakin Amalekawa ne nake jerawa a bagade, kukansu kuma kowa yana ji sai ni. Ban tafi a ranar ba, sai da na ƙara wata 2 ina kawo wa Allah hujjoji. Da na je, baffanka bai rungume ni ba. Ya saurare ni a tsaye, ya ce ya ji. Sai da aka daɗe kafin mu koma kamar da, gadon kuwa har yau ban sami abin da nake ganin haƙƙina ne ba. Amma a daren da na dawo na durƙusa, na iske bakina ya buɗe. A lokacin na gane bangon da na daɗe ina yi wa magana ni na gina shi.

Ban ce naka haka yake ba. Bushewar addu'a ba kullum zunubi ke kawo ta ba, kada wani ya ɗora maka wannan kaya. Zabura 13 da tambayar "har yaushe" ta fara, sau 4 a jere. Zabura 88 kuwa a cikin duhu ta ƙare, ba ta ko juyo da yabo a ƙarshe ba, Allah kuma bai hana a sa ta cikin Littafinsa ba. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah ko akwai wani abu guda da ka san an ce ka yi, kana ta kewaye shi. A Yohanna 14:21 Yesu ya yi alkawari cewa mai kiyaye umarninsa, zai bayyana kansa gare shi. Sau da yawa muna jira mu ji kusancinsa kafin mu motsa, alhali yana tsaye a can inda ya aike mu.

Akwai rami a ɗaya gefen kuma, shi ne ma na fi ji maka tsoro, domin yara masu kirki ne suke faɗawa. Ka tuna babban wa a Luka 15. Mun saba zagin ƙanen da ya watsar da dukiya, amma dubi abin da wan ya ce wa mahaifinsa: shekara da shekaru ina yi maka bauta, ban taɓa ƙetare umarninka ba, ko ɗan akuya ba ka taɓa ba ni ba. Gaskiya ya faɗa, uban bai musa ba. Sai dai yana cikin gida yana zaman ɗan ƙodago, yana ƙirga kwanaki yana jiran lada. Uban ya kira shi ɗana, ya ce kullum kana tare da ni, duk abin da nake da shi naka ne. Yesu bai gaya mana ko wan ya shiga bikin da aka yi wa ƙanen da ya dawo ba. Biyayya ba ta sayen ƙaunar Allah, ɗana. Sai da ya fitar da Isra'ilawa daga Masar kafin ya ba su Dokoki Goma, da wannan tunin ma Fitowa 20 ta buɗe. Afisawa 2:8-10 ita ma alheri ta sa a gaba, kyawawan ayyuka suka biyo baya. A Yohanna 15:15 Yesu ya ce wa almajiransa ba zai ƙara kiransu bayi ba, domin bawa bai san abin da ubangidansa yake yi ba. Abokai ya kira su.

Aboki kuwa yana da bakin magana. Ibrahim, wanda Yakubu 2:23 ta kira abokin Allah, ya bar ƙasarsa yana da shekara 75 bai san inda za shi ba, ya jira Ishaku shekara 25. Shi ne kuma ya tsaya yana roƙo saboda Saduma, kada a hallaka birnin in an sami masu adalci a ciki, daga mutum 50 har ya sauko zuwa 10. Bitrus ya ce wa Yesu mun kwana muna fama ba mu kama kome ba, amma tun da ka faɗa zan saki taru. Ubangijinmu kansa a Getsamani sai da ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon kafin ya ce ba nufina ba, naka za a yi. Saboda haka in abu ya yi maka nauyi, ka faɗa wa Allah ya yi maka nauyi. Daina yi masa "to, Baba" irin wanda kake yi mini.

Yanzu ga maganar wurin aikinka. Kashi biyu ce. Batun sa hannu a takardar da ka san lissafinta ba gaskiya ba ne, wannan ba ya bukatar mafarki ko wahayi ko ra'ayin Baba, a rubuce yake. Manzanni sun riga sun amsa a Ayyukan Manzanni 5:29 cewa wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutum. Ka ƙi cikin ladabi, ba da fariya ba, ka kuma shirya wa abin da zai biyo baya, don ban yi maka alkawarin za a yaba maka ba. Batun ko ka zauna ko ka ajiye aikin kuwa, ina da ra'ayi, amma ba zan faɗa maka yanzu ba. Na san halinka, da ka ji za ka ɗauka ka huta da neman fuskar Ubangiji. Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa yadda Matiyu 6:6 ta ce, ka ajiye wayar nan a waje. Ɗauki littafin Markus, surori 16 ne kawai a cikinsa, ka bi shi a hankali. In ka ci karo da abin da ya taɓa ka, tsaya a nan ka aikata shi kafin ka wuce gaba.

Sai dai ka yi hattara da "Allah ya gaya mini". Na ga mutanen da suka sa wa son zuciyarsu wannan riga, suka jefa iyalansu cikin wahala. 1 Yohanna 4:1 ta ce a gwada ruhohi. Duk muryar da ta saɓa wa Maganar Allah ba tasa ba ce, kome daɗinta. Wadda kuma kullum take yarda da abin da dama kake so, ka yi mata kallo biyu. Ka nemi wani dattijo mai tsoron Allah a ikkilisiyarku wanda ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya, ka baje masa zuciyarka.

Bayan mako 2 ka kira ni. Kai za ka fara magana, ka gaya mini abin da ka karanta da abin da ka ji, ko da abin da za ka ce shi ne ban ji kome ba tukuna. Daga nan zan faɗi nawa ra'ayin, ka auna shi kamar yadda za ka auna na kowane ɗan'uwa a cikin Ubangiji. Mamarka ta karanta wasiƙar nan, ta ce na cika tsawaitawa, ta kuma ce in gaya maka ba ta fasa ambaton sunanka kowace asuba ba. Ƙannenka suna gaishe ka.

Ni ne mahaifinka mai ƙaunarka.