Sanarwa: darasin lissafi na ranar Asabar

Assalamu alaikum iyaye da ƴan'uwa na wannan rukuni. Ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe za mu zauna da yaranmu na ƙaramar sakandare a ɗakin karatun da muka saba, nan Agege. Darasin kan siffofi masu gefe huɗu ne.

Na duba littattafansu, kuma abin ya dame ni. Mafi yawansu sun haddace cewa jimlar kusurwoyin ciki digiri 360 ne, amma ba su san dalili ba. Dalilin kuwa a fili yake: ja layi daga wata kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, sai siffar ta rabu gida biyu, kowane gida mai kusurwa uku, kowanne da digiri 180.

Ga aiki biyu su gwada kafin su zo. Kusurwoyi uku su ne 85, 110 da 95. Nawa ce ta huɗu? Na biyun ya fi muhimmanci a wurina: fili ne mai siffar tirafiziyam (mai gefe huɗu, wanda gabansa da bayansa ke tafiya a jere ba sa haɗuwa), gabansa mita 12, bayansa mita 18, tazarar da ke tsakaninsu a miƙe mita 10. Nawa ne girmansa a murabba'in mita? A nan suke tuntuɓe, domin sukan ɗauki gefen da ya karkace a matsayin tsawo. Irin wannan kuskuren yakan bi yaro har zauren WAEC.

Don Allah kada yayyensu su yi musu. Kowa ya zo da rula, fensir da ma'aunin kusurwa. Wanda ba shi da su ya sanar da ni, akwai na aro.