Ga mai shirin sayen injin walda don gyaran tsatsar mota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu son fara gyaran jikin mota, yanke tsatsa da sa faci, waɗanda ke shirin sayen injin waldarsu na farko. Yawancinsu lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali suke dubawa: amfiya 200, amfiya 250. A aikin bodi wannan lambar ba ta tsinana komai. Wadda ya kamata a nema ita ce ƙaramar, wato iyakar ƙarancin wutar da injin zai iya sauka ya ci gaba da aiki lafiya.

Ƙarfen ƙofa da na fenda da na bonet kaurinsa ba ya wuce milimita 0.7 zuwa 1. Wuraren da ke ɗaukar nauyi a ƙarƙashin mota ne ke kai 1.5 zuwa 2. Ƙiyasin da masu walda ke bi shi ne kowace milimita ɗaya tana cin kimanin amfiya 40, ke nan falle mai kaurin 0.8 wutar da yake so ba ta wuce 30 zuwa 35 ba. Injin da ba ya sauka ƙasa da 50, da ka taɓa sai rami. Balle gefen da tsatsa ta riga ta lasa, wanda ya ƙara sirancewa. A nemi injin da ke farawa daga amfiya 30 ko ƙasa da haka. Ta sama kuwa, 130 zuwa 150 sun isa duk abin da ke jikin ƙaramar mota.

Wane iri? MIG mai gas, wato injin da ke turo waya da kansa ta cikin toci, abin da ake riƙewa a hannu ana walda, gas kuma yana kare narkakken ƙarfen daga iska. Injin sanda, wanda aka fi sani, na ƙofar gida ne da tagogi da ƙarfe mai kauri. Ko da sanda mai milimita 1.6 aka sa, sabon hannu huda fallen zai yi ta yi. TIG, wanda ake riƙe toci da hannu ɗaya ana sa waya da ɗayan, yana fitar da aiki mai kyau, amma hannu biyu yake ci, yana da jinkiri, kuma ba ya yafe ko ɗigon datti, ga wuyar sarrafawa idan mutum yana kwance a ƙarƙashin mota. Waldar harshen wuta tana yi, sai dai zafinta yana bazuwa nesa, faffaɗan falle ya kumbura ya lauje, a ƙare da lafta fila, ƙullun cike lotsawa, don a ɓoye.

Inda aka fi yaudarar masu farawa shi ne injin MIG marar gas, mai waya da ke da hoda a cikinta. Yana da araha, kuma ba ruwansa da iska, to amma wayar ba ta cika yin ƙasa da 0.8 ba, tana da zafi, tana fantsama, kuma kowane ɗigo yana barin ɓawo a kansa. Aikin bodi kuwa ɗigo ne a kan ɗigo, sai ka kankare wannan kafin ka sa na gaba, in ba haka ba ɓawon ya maƙale a ciki, daga baya ya tayar da fenti. Idan injin yana yin duka biyun, madalla, amma a tuna ana juya igiyoyin: waya zalla tana son tocin a kan fositif, mai hoda a kan negatif. Wanda ya manta da wannan zai yi ta zargin injin a banza.

Waya zalla mai kaurin 0.6 ita ce ta fallen mota, irin da ake rubuta wa ER70S-6, tare da bakin toci da ramin rolar da ke tura waya masu lamba ɗaya da ita. Gas kuma gaurayen agon da CO2, kashi 75 zuwa 80 agon, saura CO2. CO2 zalla yana aiki, amma ya fi shiga ciki, ya fi tartsatsi. A saita fitarsa a kan lita 8 zuwa 10 a minti ɗaya. Ƙananan gwangwanayen gas na yarwa ba sa jimawa ko kaɗan. Tun farko a sa kuɗin tukunyar da ake sake cikawa da rigiletarta a cikin lissafi.

Kafin a biya, a buɗe murfin gefe a duba abin da ke tura waya. In roba ce zalla mai karkarwa, wayar za ta riƙa fita tana tsayawa, kuma babu gwanintar da ke gyara wannan. A tabbatar tocin ba ya ɗaukar wuta sai an danna kunamarsa, domin wasu masu arha kullum bakinsu a kunne yake. A fifita wanda ake murza maɓallin wutarsa a hankali a kan mai mataki huɗu ko shida, don sau da yawa abin da fallen ke so yana tsakanin mataki biyu. A tambaya ko ana samun bakin toci da bututun cikinsa idan sun lalace. Lambar nan ta juriya, misali kashi 20 a amfiya 130, ma'anarta minti biyu na aiki, takwas na hutu a cikin kowane goma. Kada ta tayar da hankali, mai ɗige-ɗige a amfiya 35 ba zai kai nan ba.

Sai dai fa injin ba ya walda tsatsa. A yanke har sai an kai ƙarfe mai haske da cikakken kauri, a goge fenti da kwaltar ƙasa kamar santimita 3 daga bakin yankan, ciki da waje. Facin ya zama kaurinsa ɗaya da na motar, baki da baki, ratar da ke tsakani kada ta fi kaurin wayar. A ɗora ɗaya kan ɗaya ya fi sauƙi, amma ruwa yana kwanciya a tsakani, tsatsar ta dawo. A maƙala igiyar at, wato igiyar injin da ake damƙa wa jikin mota, kusa da wurin, a kan ƙarfe tsirara. Wayar ta leƙo milimita 6 zuwa 10 daga bakin toci. Kada a ja dogon layi: ɗigo ɗaya nan, a tsallake santimita 4 ko 5, wani ɗigon, a bari ya huce har hannu ya iya taɓawa, a dawo a cike tsakani. Ɗan guntun jan ƙarfe a baya yana shanye zafi, yana tare narkakken ƙarfe, kuma walda ba ta kama shi. Inda kamfani ya haɗa falle biyu da ɗigon matsi, a huda na sama da rami mai milimita 6 zuwa 8, a matse su sosai, a cike ramin daga tsakiya. Wurin gogewa ma a bi a hankali, garanda tana lauje falle kamar yadda walda ke yi. In an ga ƙananan ramuka a cikin ɗigon, ko iska ce ke kwashe gas, ko ƙarfen bai wanku ba.

A cire batir, a janye kafet da wayoyi da bututun mai, abin kashe gobara yana kusa, a kuma tsaya rabin awa bayan an gama, don wuta tana iya ci a ɓoye cikin bodi. Hayaƙin ƙarfe mai rufin zinki yana sa zazzaɓi. Maganin wanke birki mai sinadarin kulorin kuwa, in zafin walda ya same shi, guba yake zama mai iya kisa. Hular walda mai gilashin da ke duhunta kansa, mai lambar duhu 9 ko 10, ta dace da wannan ƙaramar wuta. Ginshiƙan motocin zamani da ƙarfe na musamman ake yin su, zafi yana rage masa ƙarfi, wasu ƙofofin ma alminiyam ne, mayen ƙarfe zai nuna. Waɗannan a bar wa ƙwararru, a fara koyo a kan tsohuwar ƙofar da aka yar.

Na gode.

Wani mai gyaran jikin mota