Faɗuwar gaba da ciwon ƙirji: tambayar da ba a yi wa majinyata a Zamfara

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin ma'aikatan lafiya da malamanmu a kan lalurar firgici mai komawa ciwon jiki da ta yi katutu a Jihar Zamfara, wadda ake yi wa magani ta wajen da ba nan ciwon yake ba.

Duk wanda ya zauna a shagon kemis a Gusau zai ga mutane, da yawansu waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu na yankunan Maradun da Zurmi da Tsafe, suna kawo kuka iri ɗaya: ƙirji na zafi, kai na sarawa, gaba na faɗuwa, barci ya ƙaurace wa ido. Mai shago yakan miƙa maganin olsa da na ciwon jiki, bayan mako guda kuma su dawo. Na ga wata dattijuwa a unguwarmu ta saki kwanon fura a ƙasa don kawai babura uku sun wuce a jere, jikinta na ɓari, alhali ta daɗe da barin ƙauyen da aka kai wa hari.

Likitoci sun san dalilin wannan. Idan mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa takan sa wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda su saki sinadaran adiranalin da kotisol, sai bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, aikin narkar da abinci ya ja baya, domin jiki ya shirya gudu. Wannan rahama ce a ranar hari, amma idan fargabar ta ɗauki watanni ba ta sauka ba, sai ta koma cin jikin mai ita. Abin takaici, wasu magungunan kashe zafi irin su diclofenac, waɗanda ake sha barkatai, su ma suna iya jawo olsar ta gaske.

Ba na cikin masu raina maganar nan ta “jikina ya ba ni”. Manomin da ya fasa zuwa kasuwa saboda zuciyarsa ba ta kwanta ba, sau da yawa idonsa ya riga ya ga baƙin fuskoki suna sayen burodi da fetur fiye da ƙima, kunnensa ya ji shirun da bai saba ji a hanya ba, tun kafin hankalinsa ya haɗa lissafin. A 1997 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka, cikinsu har da Antonio Damasio, sun nuna cewa fatar masu wani wasan kati takan fara tsatsafo da gumi idan za su ɗauki katin da ke jawo asara, tun kafin su iya faɗin abin da ke faruwa. Sai dai wanda ya sha firgici, jikinsa yana ba shi labarin haɗari ko da babu, kuma yana buƙatar wanda zai taimaka masa ya bambance gargaɗi da tabon tsoro. Nan ne muke barin mutanenmu su kaɗai, ko mu ce iska ce, ko mu ce raunin imani.

Wannan zargi na ƙarshe ya fi ƙona mini rai, domin Alƙur'ani ya ba mu labarin cewa idanun Annabi Yaƙub, alaihis salam, sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, kuma babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta cewa cutar rai da ta jiki a sarƙe suke, kowace tana tayar da 'yar'uwarta.

A Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma talakan Anka bai ga canji a ɗakin shan magani ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato ya yi wa mutanenmu nisa, kuma sunansa kaɗai ya isa ya sa majinyaci ya ɓoye damuwarsa don gudun a kira shi mahaukaci. Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci bisa tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka tsara domin waɗanda ba likitocin ƙwaƙwalwa ba, ta yadda duk wanda ya zo da zafin ƙirji za a auna jininsa, sannan a tambaye shi yadda yake barci da abin da ya gani kafin ciwon ya fara. Limamai kuma su riƙa haɗa addu'a da tura mutane asibiti, musamman iyayen da aka taɓa sace wa 'ya'ya.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Tudun Wada, Gusau