A riƙa tuna mana da Giggs mana

Malam Edita, barka da aiki. Don Allah shafinku na wasanni ya ɗan waiwayi Ryan Giggs, yaran yanzu ba su san waye lamba 11 na Manchester United ba. Mutumin nan tun 1991 yake tsere a gefen hagu har 2014, kulob ɗaya tal, wasa 963, kofin Firimiya 13, na Zakarun Turai 2. Ni dai ƙwallon da ya ci Arsenal a 1999 ce ba ta fita raina, United saura mutum 10 an kori kyaftin ɗinsu Keane, Giggs ya tare fasin ɗin Vieira na Arsenal tun daga tsakiya ya yi ta yanke 'yan baya har ya ɗaga wa golansu Seaman raga, ya cire riga yana juya ta sama. Abin tausayi bai taɓa buga Kofin Duniya da Wales ba wallahi.

Naku, mai karatu